Takardun Kakana a Cikin Laftop

Jiya ina tsaye a shagon wani mai gyara a Yendi. Laftop ɗina na kan teburinsa, allon laftop ɗin baƙi ƙirin. Laftop ɗin yana tsakiyar sabunta manhajar da ke tayar da shi aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya daɗe da mutuwa.

Ba na'urar ce damuwata ba. A ciki akwai hotunan takardun ajami na kakana, waɗanda na ɗauka a Salaga kafin ruwan sama ya lalata na asalin. Ba ni da su a wani wuri.

Na ce, "Masta, gaya mini gaskiya, ya mutu ko?"

Ya yi dariya. "Ɗan'uwa, bai mutu ba, ya manta yadda ake tashi ne. Zauna."

Ya soka filashi, ya danne maɓallai biyu, ya kunna. Fankar laftop ɗin ta yi ta kuka, can sai haske ya dawo. Na buɗe, ga rubutun tsohon nan lafiya lau. Wallahi sai da na share hawaye.

Kafin in hau babur na tura wa yayata a Bawku hotunan duka. Alhamdulillahi.

Ku fa, wane abu mai daraja kuka ajiye a wuri ɗaya tak?