Abokin Baba Direba

Da na ajiye aikin jinya, zaman gida ya ishe ni, sai na fara wani ɗan shiri na lafiya da Hausa. Kada ku ɗauka wani gidan rediyo ne. Teburin kicin ɗina ne a unguwar Edmonton ta Landan, da wayata, da taga a rufe don kada ƙarar jirgin ƙasa ta shiga. Mutanenmu na Landan su aiko da tambaya ta saƙon murya, ni kuma in amsa ranar Lahadi in tura wa kowa.

Abin da na fara koya shi ne Bahaushe ba ya ciwo, abokinsa ne ke ciwo. "Wani abokina ne tumbi ya dame shi." "Wata maƙwabciyata ce gwiwa ta hana ta sujada." Har wani ya taɓa tambaya a madadin ƙaninsa mai tari, alhali shi tarin ya hana shi ƙarasa maganar. Ban taɓa tona wa kowa asiri ba, don kunya ce, kuma ni ma da ita aka raine ni. Sai in ce a gaishe min da abokin, ya rage tuwon dare, ya riƙa sauka daga bas kafin tasharsa ya ƙarasa da ƙafa.

Cikin masu aiko da saƙo akwai wani dattijo a Tottenham, tsohon direban bas, muna ce masa Baba Direba. Gaisuwarsa ta fi tambayarsa tsawo. Sai ya tambayi gida, da yara, da sanyi, da gajiya, har shayina ya huce, sannan ya gyara murya ya ce, "Hajiya, ina da tambaya." Nakan yi tsaki, amma ban taɓa yanke gaisuwar ba.

Wata rana tambayar ta zo daban. Ya ce, "Wani abokina ne. Ya shiga shop zai sayi madara, ya buɗe baki, sai Hausa ta fito. Ya nemi Turancin ya rasa. Mutumin nan fa a garin nan ya tsufa yana Turanci da passengers. Wai harshe yana komawa gida ya bar mai shi?"

Na san abin. Na sha ganin tsofaffi a asibiti waɗanda ciwon mantuwa ya kama, harshen da suka koya da girma ya zube, na nono ya rage. Na amsa a shirin, na ce abokin ya je ya ga likita, kuma ya tafi da ɗaya daga cikin 'ya'yansa.

Saƙon da ya biyo baya ba gaisuwa a cikinsa, abin da ya fara tayar min da hankali ke nan. Ya ce, "Abokin nan matarsa ta rasu. 'Ya'yansa suna jin Hausa sama-sama, da Turanci suke amsawa. Shi ba mutuwa yake tsoro ba, Hajiya. Tsoronsa ranar da zai nemi ruwa a rasa mai gane shi. In ajali ya zo, wa zai ji abin da ya ce?"

Wannan ban saka shi a shiri ba. Na saurara ni kaɗai, na sake saurara. Na tura masa "Allah ya kawo sauƙi", abin da muke faɗa in magana ta ƙare mana. Daga nan saƙonninsa suka ɗauke.

An daɗe, sai 'yarsa ta kira ni, ta ce a wayarsa ta ga lambata. "Aunty, Baba yana care home yanzu. He's stopped talking, ba ya magana da kowa." Washegari na hau bas na same ta a can.

Gidan tsofaffin tsaf yake, ma'aikatan kuma ba su da laifi. Daga bakin ƙofa na hango shi a kujera kusa da taga, da hularsa. Wata ma'aikaciya ta wuce mu ta faɗa ɗakin da fara'arta, ta kira shi da sunansa na yanka gatsau, ta dafa masa kafaɗa. Ko motsi bai yi ba. Raina ya sosu. Mutumin da rabon a kira shi da wannan suna tun uwarsa na da rai, kuma a shigo masa ba sallama, me zai amsa?

Na tsaya a waje yadda ake tsayawa a ƙofar gidan mutane, na yi sallama. Na sake yi, sai ya juyo ya amsa.

"Wa alaikumus salam. Wace ce? Shigo mana."

'Yar ta damƙe hannuna har na ji zafi. Na shiga na durƙusa, gwiwata na ƙara, na gaishe shi. Bai gane ni ba, amma gaisuwar tana nan daram. Ya tambayi gida, da yara, da sanyi, da gajiya. Da ta ƙare sai ya gyara murya.

"Hajiya, ina da tambaya. Wani abokina ne…"

Ya tsaya yana lalube. Na ce, "Ina jin ka, Baba."

Ya ce, "Ƙishirwa yake ji."

Wannan kam 'yar ta gane. Ta ɗauko kofin ruwan da ke kan tebur a bayansa tana kuka, ya shanye tas, ya sa mata albarka. Na koya wa ma'aikatan sallama, suka yi ta gwadawa suna dariya. Amma su aikin karɓa-karɓa suke yi, yau wannan gobe waccan. Ni ma nakan je, sai dai ba kullum ba.

Ya rasu da hantsi, a ranar da ba mu nan, ni da 'yar. Ma'aikaciyar da ke tare da shi ta ce ya riƙe hannunta ya yi doguwar magana a natse, tana ta gyaɗa masa kai. Na tambaye ta ko ta riƙe ko da kalma ɗaya. Ta ba ni haƙuri. Har yau in na wuce tashar bas a Tottenham sai in kama kaina ina ƙoƙarin cika masa maganar, ko kalmar shahada ce, ko saƙo ga 'ya'ya, ko ruwan dai ya sake nema. Saƙonninsa suna nan a wayata, ba na iya gogewa, ba na iya saurara.

Kwanan baya na shiga kantin magani zan sayi man shafawa na gwiwa. Na tsaya gaban yarinyar da ke sayarwa, ni da na yi rayuwata ina ba likitoci rahoto da Turanci, na ji bakina ya ce mata "man zafi". Ta yi murmushi tana jira. Na nemi kalmar na rasa, sai nuni na yi da yatsa. 'Ya'yana su ma da Turanci suke amsa min.

Ranar Lahadi na rufe taga, na kunna waya, na gaishe da masu sauraro. Na ce yau ba ni zan amsa ba, in akwai likita a cikinku ya taimaka, wata ƙawata ce ke da tambaya.