Cemba a Ƙofar Ɗakin Inna

Ban gina gidan nan don kaina ba. Da ni da iyali ne kawai, da har yau muna haya a Funtua muna jayayya da mai gida kan yoyon kwano. Na gina shi ne don Inna, mahaifiyata, ta baro Gozaki. Ƙafa ta fara gagararta, kuma tun rasuwar Baba daga ita sai kaji a wancan gidan. Na sha roƙo kafin ta ce to, kuma na san halinta, ƙaramin dalili ya ishe ta ta fasa.

Rigimar ta taso ne da aka zo shimfiɗa bututun ruwan datti. Mai aikin famfon iyayensa ’yan kudu ne, amma haifaffen Funtua ne, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya ce bututun banɗaki da na kicin za su haɗu a wata kwana kafin su wuce sokawe, babban ramin da ke shanye ruwan a bayan gida. A mahaɗar nan, in ji shi, dole a yi cemba, wato ɗan rami na bulo mai murfi, in bututu ya toshe a buɗe a zura ƙarfe.

Na ce, “Ina mahaɗar take?”

Ya buga ƙafa a ƙasa. Daidai ƙofar ɗakin Inna, inda na gama tsara za ta riƙa shimfiɗa tabarmarta.

Maginin, wani dattijo mutumin Bakori, ya yi tsaki. “Malam, gidaje nawa na gina babu wannan abin? In bututu ya samu gangara, ruwa ba ya tsayawa gaisuwa.”

Daga nan kowa ya zama injiniya. Mijin ƙanwata ya ce cemba gidan kyankyaso ce, ga wari da zafi. Abokin aikina ya ce wanda ya ƙi cemba yau zai fasa daɓe gobe. Har limamin unguwa na tambaya ko salla ta yi a kusa da ita. Ya ce in a rufe take kuma wurin da tsarki, babu laifi, amma barin abin da ake kokwanto ya fi. Na taso da ruɗun da ya fi wanda na je da shi.

Ana cikin haka Inna ta zo ganin gini, ta tarar da ramin a tone. Na yi mata bayani ina in-ina kamar mai ba da uzuri a gaban alƙali.

Ta ce, “Wato a ƙofar ɗakina za a tara ƙazantar gida a kife ta da faifai? Mu dai masai can ƙuryar gida muka san ana kai shi. In birnin ke nan, a bar ni da kajina.”

Washegari da safe na ce wa magini ya cike ramin. Da yamma mai famfo ya tsare ni da bayani har na ce masa, “To, ka yi abin da ya dace.” Sai kaka ta kama, na tafi Kafur karyar masara. Na dawo na tarar an malale tsakar gida da siminti sumul, ko layi babu.

Mai famfo ya ce ya gina cembarsa ya ɗora murfi kafin ya tashi. Magini ya ce shi rami ya gani ya cike kamar yadda aka umarce shi. Kowa ya rantse. Ko wannan ya gina bayan wancan ya cike, ko wancan ya cike bayan wannan ya gina, ban gane ba. Na tsaya a kan daɓen gidana ban san abin da ke ƙarƙashin ƙafata ba. Inna ta ga babu rami, ta tare, ni kuwa na ɓoye mata kokwantona.

Da damina matata ta haifi ɗanmu na uku, kuma a nan gidan ta yi zaman jego, Inna ce ke tsaye kan wankan. Safe da yamma a tafasa ruwa da ganyen darbejiya a babbar tukunya, a kai banɗaki, a riƙa tsoma reshen ganye ana fyaɗa mata. A Gozaki ganyen a ƙasa yake zuba a share. A nan kuwa duk ramin ruwa yake bi. Kafin suna banɗaki ya fara dawo da ruwa, kore, mai wari, har tsakar gida.

Mai famfo ya zo da guduma ya tsaya yana zare ido. Ya ce nan ne, sai kuma ya ce a’a, kamar an matsar da ƙofar ɗakin bayan ya auna. Magini ya aiko cewa a fasa ko’ina, ba za a ga komai ba. Ga baƙin suna na hanya. Ni dai zagaye nake, raina a ɓace, ban ma san wa zan yi fushi da shi ba.

Sai Inna ta fito tana dogara sanda. Ta ƙwanƙwasa daɓen can gefe, ta matso taku kaɗan ta sake ƙwanƙwasawa. Wurin ya amsa kamar tulun da babu ruwa.

Ta ce, “Ku fasa nan. Tun ranar da na fara ajiye turmi na ji shi.”

Aka fasa, sai ga murfi, sai ga cemba cike da ganye. Kafin la’asar ruwa ya wuce. Mai famfo sai murmushi yake. A lokacin na gane dalilin da tun tarewarta take salla a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da katanga, inda rana ke duka. Na ɗauka iska take so.

Na durƙusa na ce, “Inna, wallahi ni kaina ban san tana nan ba.”

Ta ce, “Na sani. Da ka sani ai da ka kasa kallona.” Ta juya za ta shiga ɗaki. “In an yi arba’in zan koma gida.”

An yi arba’in tuni, yaron har ya fara rarrafe. Murfin cemba yana nan a fili, ta hana a sake shafe shi, takan kewaye shi in za ta wuce. Ƙunshin kayanta kuma yana bayan ƙofa a ɗaure, ba ta kwance ba, ba ta tafi ba. Kullum na dawo daga aiki shi nake fara leƙawa kafin in gaishe ta.