Kwanon Tangaran na Makame

Ina gyaran taru a bakin tekun Kilwa matar abokina Makame, Mwanahija, ta aiko cewa ya cika. Na zauna a yashi na yi kuka, sannan, Allah ya yafe mini, kwanonsa na tangaran ya faɗo mini a rai.

Makame igiyar ɓawon kwakwa yake tufkawa. Jiragen da ke ɗauko zinariya daga Sofala da masu kawo yadi daga ƙasar Hindu duk da igiyarsa ake ɗaure su, shi kuwa ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, wai ruwa ba shi da amana. Wata shekara wani matuƙi ya ba shi kwanon tangaran na ƙasar Sin, shuɗi, a madadin kuɗin igiya. Irinsa attajirai ke mannawa a ginin kabarinsu. Makame ya rantse nasa kabarin ma sai an manna masa. Ya ajiye shi a alkuki, ya hana kowa taɓawa. Ko baƙo ya yi atishawa kusa da shi sai ya sha harara.

Ni na fasa shi. Ya tafi kasuwa, na ɗauka don in ji nauyinsa kawai, ya suɓuce. Ni da Mwanahija muka liƙe bakin da ƙaro, muka juya tsagar ta fuskanci bango. Tun daga ranar, kowace Juma'a nake kai masa kifi mafi girma da na kama. Shekara goma sha biyu. Ya ci ya lashe yatsu, ya ce, "Jecha, kai dai ɗan aljanna ne." Ni kuwa ina fargaba kada gaskiya ta fito in rasa aboki.

Jiya na manna kwanon a kabarinsa da hannuna, yadda ya ce. Don kwana uku kafin rasuwarsa na je duba shi, ya rame ƙwarai, ya riƙo hannuna.

"In za ka manna, ka juya tsagar ƙasa, kada baƙin Mombasa su yi mana dariya."

"Wace tsaga?"

"Kai, tsohon maƙaryaci! Tun ranar na gani. Ƙaro har kan zanen kwanon."

"To me ya hana ka magana, mugu?"

"In yi magana kifi ya tsaya?"

"Da ka tambaya ai da na kawo."

"Da ƙanana za ka kawo. Juma'ar nan ma ina jira."

"Zan kawo, ɗan'uwa."