Kusoshin Tobo da Bokitin Kawu

Na daɗe ina roƙon Inna ta bar ƙauyenmu na yankin Ruma ta dawo wurina Batsari. Maƙwabta sun watse saboda 'yan bindiga, ita kuwa tana nan daram. Ana cikin haka rannan ta aiko da saƙo: in zo ranar Laraba in kwashe ta da kayanta. Na san halin uwata. In ban kama ta a kan wannan maganar ba, ta kuɓuce mini ke nan.

Sai motar ta zaɓi wannan makon ta yi mini tsiya. Tsohuwa ce mai shan gas, mai ja da ƙafa huɗu, kuma ita kaɗai nake da tabbacin za ta ɗauko gado da buhuna ta ratsa yashin hanyarmu. In na taka ta sai ta yi huci, ƙarfi ya zube, warin hayaƙi ya cika ciki. Na buɗe bonet na ga baƙin hayaƙi ya yi zobe daidai inda tobo, na'urar da ke ƙara wa injin ƙarfi, ya haɗu da bakin salansa. Na taɓa noti guda, sai ya faɗo tafin hannuna da guntun kusarsa a ciki. Wannan ne karo na biyu a shekarar.

Na lallaɓa ta har Safana wurin bakaniken da ya yi mini na farko. Ya leƙa, ya yi tsaki.

"Malam, kusoshi biyu sun karye. Wai mi kake ma motar nan ne?"

"Ni zan tambaye ka! Ba kai ka ɗaure su ba?"

Muka ɗan yi musu, sannan ya kama aiki. Ɗaya ta bar ɗan kai a waje, ya ɗora mata noti ya yi walda, ya bari ta huce, ya zuba mai, ya riƙa murɗawa gaba da baya har ta fito tana ƙara. Ɗayar kuwa ta karye can cikin rami, sai an huda tsakiyarta. Ga babu wuta, janareton mai walda kuma ya zaɓi lokacin ya mutu. Da aka samu aka fitar da ita, babu sababbin kusoshi a garin, sai an aiko daga Katsina. Laraba ta same ni zaune kan benci ina kallon motata baki buɗe, raina kamar ya fashe. Na kira ƙauye, layi bai shiga ba.

Ranar Alhamis da la'asar na iso gida da sababbin kusoshi da sabon gaskit mai toshe yoyon hayaƙi, mota na tafiya lafiya lau. Na shiga in yi alwala. Ina fitowa na ji wani ƙara, caaa, tururi ya tashi. Kawuna ne, yayan Inna, wanda ke zaune wurina tun da aka kore masa shanu. Ya ɗage bonet, yana kwarara ruwan randa a kan tobon da ya yi zafi zau.

"Kawu! Me kake yi?"

"Ruwa nike ba ta, ɗan nan. Kai ba ka da tausai ne? Dabba ta sha tafiya ka bar ta cikin zafi haka?"

Ashe kullum na dawo daga tafiya mai nisa haka yake yi, in na shige ciki. Ƙarfe yana zafi a sheƙa masa ruwan sanyi, ina kusa za ta kai labari? Na buɗe baki in yi faɗa, na dubi tsohon da bokiti a hannu, mutumin da ya yi rayuwarsa yana shayar da garke, yanzu ba abin da ya rage masa sai motata. Na fasa faɗan. Na ce masa dai don Allah ya riƙa bari ta huce tukuna. Ya ce to, amma a fuskarsa na ga ya ɗauke ni mara imani.

Juma'a da hantsi na isa ƙauye. An yi ruwa a can, ƙasa ta jiƙe. Na tarar an kwance ƙullin kaya, gado ya koma ɗaki. Inna na bayan gida da ƙwaryar iri, tana tona rami da dunduniya.

Muka gaisa, na ce, "Inna, ga mota na kawo."

Ba ta ko ɗago ba.

"Na jira ka Laraba. Yanzu kam na zuba iri, wa zan bar ma shi? Sai bayan kaka, in muna da rai."