Gaisuwar da Habu Ya Ƙi Yankewa

Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi tsoron ya fara kama Habu. Yana tsaye gaban mai ƙosai, wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce masa, "Ɗan jarida, mun ji shirin jiya. Ashe ƙafar Baba Uzairu har yanzu da saura?" Alhali a shirin nan Habu bai ambaci sunan kowa ba.

Habu gyaran rediyo ya gada wurin mahaifinsa. Da mutane suka koma waya, shi ma ya bi su. Shekara huɗu ke nan yana naɗar labarai duk Alhamis yana turawa wayoyin jama'a, ya sa wa shirin suna Kunnen Gari. Ba ya karɓar talla, ba shi da ubangida. Masu saurare ke riƙe da shi: manomi ya kawo kwanon masara, masunci ya aiko da bandar kifi daga Tiga, wata malamar firamare ta tura masa data. Wani ɗan siyasa ya taɓa aiko masa da sabon babur, ya mayar, sannan ya shafe wata guda cur yana ba wa duk wanda ya tsaya labarin mayarwar.

Bana takin da aka yi wa manoman rani alkawari bai iso ba. Habu ya bi sawu wata biyu, daga Bebeji har Tudun Wada, ya gano siton wani ɗan kwangila inda ake juye takin a sababbin buhuna a kai kasuwa. Mai gadin wurin shi ne Baba Uzairu, dattijon da ke ɗingishi tun da amalanke ya take masa ƙafa. Da ƙyar ya yarda ya yi magana.

"Ɗana, kada a san ni ne. Jikoki biyar ke hannuna."

"Haba Baba, wayar nan mayar da murya take kamar ta kwaɗo. Ko mai ɗakinka ba za ta gane ka ba."

Ya kuwa sauya muryar, ya goge suna, ya goge unguwa. Abu ɗaya ya bari, gaisuwar farko: "Baba, an tashi lafiya? Ya gadi? Ya ƙafar, da sauƙi?"

Kafin ya saki shirin, matar Habu, Fa'iza, ta saurara tana tsintar wake, ta ce, "Malam, yanke wannan gaisuwar."

"In yanke? Jama'a su ji na faɗa wa dattijo da tambaya kamar ɗan tasha? Me za a ce game da tarbiyyata?"

"To masu gadi nawa ne ke da gurguwar ƙafa a ƙasar nan?"

"Ke dai tsinci wakenki. Aikin jarida ba na tsakar gida ba ne."

Haka babban mai bincike, wanda ya ƙirga motocin taki daga bayan dalbejiya, ya tsare mutuncinsa ya miƙa dattijo.

Daga kasuwa ya hau acaɓa zuwa gidan Baba. 'Yar Baban, Zuwaira, ta tare shi a zaure. Ta ce da hantsi mutum biyu suka zo a mota, suka ce Alhaji mai siton na kira. Ko sandarsa ba su bari ya ɗauka ba.

"Kai ne mai gaisuwar?" ta tambaye shi.



Masu saurare kuma, waɗanda jiya suke kiransa zakin talakawa, suka fara goge shirin daga wayoyinsu. Mai kawo masara ya ce shi sadaka ya ɗauka yake yi. Ɗan kwangilar da aka tarar da shi ya ce bai taɓa ajiye mai gadi ba, Allah ne ke tsare masa dukiya. Habu ya kai ƙara wurin 'yan sanda, an rubuta, an ce ya je za a neme shi. Malamar firamaren nan ce kawai ta sake turo data, da saƙo: kada ya kashe waya.

Bai kashe ba. Yau kwana huɗu yana zaune a zauren Baba Uzairu, sandar na jingine da bango. Har yanzu ba wanda ya kira, kuma Baba bai dawo ba.