Hajiya Nasiha, Mai Nema wa Mutanen Ribaɗi Aiki

Haihuwa da Asali

An haifi Hajiya Nasiha a shekarar 1383 bayan Hijira, daidai da 1963, a unguwar Utaibiyya da ke birnin Makka. Mahaifinta Malam Isa tela ne, mahaifiyarta Hauwa kuwa tana sayar da soyayyar gyaɗa a bakin masallacin unguwa. Su biyun Hausawan Abeshe ne ta ƙasar Chadi, sun ratso Sudan a ƙafa da niyyar su sauke farali su koma, sai zama ya kama su. Takardar Chadi suka riƙe har suka rasu, ita ce kuma 'ya'ya da jikoki suka gada, ko da yake babu wanda ya san hanyar Abeshe a cikinsu.

Karatu

Ta sauke Alƙur'ani tana da shekara goma sha uku, ta kuma yi makarantar 'yan mata har aji shida. Da wannan ɗan ilimi ta zama magatakardar layinsu, domin duk tsohuwar da aka ba takardar hukuma ta rasa gabanta da bayanta, wurin Nasiha take kawowa. Tun a lokacin an san ta da baki, ba ta raga wa kowa, amma ba a taɓa zuwa wurinta da buƙata aka koma hannu biyu ba.

Aure da 'Ya'ya

A shekarar 1981 ta auri Malam Abubakar, direban motar ɗaukar ruwa, suka tare a Nakkasa, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa. Shekara na zagayowa ta haifi ɗan farinta Awwalu, daga baya Arwa da Sa'ud suka biyo.

A nan wata al'ada ta shigo wadda dole a faɗe ta. Larabawan Makka suna kiran mace da sunan babban ɗanta, wannan laƙabi kuwa kunya suke ce masa a harshensu. Ita kuma Nasiha kunyar Hausa aka rene ta da ita, wadda ta hana uwa kama sunan ɗan fari ko nuna kulawa da shi a gaban jama'a. Maƙwabta suka yi ta kiran Ummu Awwal, ta yi kunnen uwar shegu da su, har suka gaji suka koma ce mata Ummu Arwa. Shi kuwa Awwalu “wancan” ne sunansa a bakinta, tun yana rarrafe har ya yi gemu.

Aiki a Ribaɗi

Malam Abubakar ya rasu a shekarar 2007. Bayan ta fita takaba, wata ƙungiyar agaji ta ɗauke ta aiki a wani ribaɗi da ke Ka'akiyya, wato gidan taimako da aka bayar domin Allah, inda ake saukar da iyalan da suka rasa muhalli saboda gobara, ko rusau, ko mutuwar mai gida. Aikinta shi ne ta samo wa kowane iyali mutum ɗaya aiki, domin su kama haya su ba wasu wuri.

Tana da salonta. Idan ta tambayi mutum aikin da ya iya ya ce mata duk wanda ya samu, sai ta rufe littafi ta ce ba ta taɓa jin wani otal yana neman mai yin duk wanda ya samu ba, ya je ya yi tunani ya dawo. Ta bi otal-otal, da gidajen abinci na alhazai, da 'yan kwangila, ta ishe su har suka riƙa kiranta da kansu. A cikin shekara goma sha uku ta fitar da iyalai masu yawa daga ribaɗin, wasunsu ma yanzu da gidajen kansu.

Shekarar Rusau

A shekarar 2021 rusau ya iso layinsu na Nakkasa. Ita ta koma wurin Arwa, amma Awwalu, da matarsa da 'ya'ya uku, bai sami inda zai raɓa ba sai wannan ribaɗin da mahaifiyarsa ke aiki. Gwanin gyaran lantarki ne, sai dai shagon ubangidansa ma ya tafi a rusau, kuma a hannun wannan ubangida iƙamarsa take, wato takardar izinin zama. Idan bai sami sabon wurin aiki da zai ɗauki nauyinta ba kafin ta ƙare, doka za ta tura shi ƙasar da ke rubuce a fasfonsa.

Sau uku aikin lantarki ya faɗo hannun Hajiya Nasiha a cikin wata goma sha huɗu. Na farko wani mai otal ne ya kira ta ya ce ta ba shi suna nan take. Mutane na zaune a ofis, ta kasa kama sunan ɗanta, sai ta faɗi sunan wani mai 'ya'ya shida. Na biyu ta ba mijin wata mara lafiya. Na uku babu ma wani uzuri, kunyar ce kawai, kada a ce ta fifita nata. Shugabar ribaɗin, Malama Hanan, ta yi mata faɗa sosai, ta ce ba ta taɓa ganin uwa irinta ba. Ba ta san cewa uwar ta daina cin abincin kirki tun ranar da Awwalu ya shigo gidan ba.

Sau ɗaya tak Awwalu ya yi magana. Ya tsaya a ƙofar ofis kamar kowane mai nema, ya ce, “Umma, ni ma fa a gidan nan nake kwana.”

Ba ta ɗago kai ba. Sai da ya tafi ta aika Arwa da saƙo: “Ki ce wa wancan ya ƙara haƙuri, nasa na nan tafe.”

A farkon 2023 ta ajiye kunya gefe, ta rubuta sunansa da hannunta, ta kai wa wani ɗan kwangila, ya karɓa da murna, ya ce a zo bayan aikin Hajji. Amma iƙamar ta riga ta ƙare da wata biyu. Ana sauran mako uku a hau Arfa aka tsayar da Awwalu a shingen bincike, a watan Muharram kuma aka sa shi a jirgi zuwa Chadi yana da shekara arba'in da ɗaya. Matarsa da 'ya'yansa suka bi shi bayan wata huɗu.

Ƙarshen Rayuwa

Ta ci gaba da zuwa ribaɗi har shekara guda, amma bakin nan da aka san ta da shi ya mutu, kowa ya ce duk wanda ya samu sai ta rubuta masa haka. Ciwon zuciya ya kwantar da ita a ƙarshen 2024. Kullum Arwa ta shigo ɗakin asibiti tambaya ɗaya take yi mata, ko wancan ya sami aiki. Ranar ƙarshe Arwa ta kasa jurewa, ta ce mata ya samu. Ta yi hamdala, ta juya fuska bango.

Allah Ya karɓi ranta ranar Talata, bakwai ga Rajab 1446, tana da shekara sittin da uku a lissafin Hijira. An sallace ta a Harami bayan La'asar, aka binne ta a maƙabartar Shara'i, mazan da ta samo wa aiki suna ta rige-rigen ɗaukar makara. Allah Ya yafe mata, Ya sa Aljanna ce makoma.

Ta bar jikoki takwas da 'ya'ya uku: Arwa, mai ɗinki a Ka'akiyya, Sa'ud, direba a Jidda, da Awwalu, ɗan farinta, wanda ya yi mata sallar gawa daga nesa a Abeshe, inda har ranar da ake rubuta wannan tarihi yake neman aiki.