Makon Sharar Edeltraud

A gidanmu na haya, a wani ɗan gari kusa da Stuttgart, ba a taɓa samun Edeltraud Maute cikin natsuwa ba. Ko kofi ka ba ta, a tsaye take sha, idonta na kan taga. Mota ta tsaya, ta leƙa. Aka taɓa ƙofar titi, ta leƙa. Mijinta Eugen, kafinta, yakan ce shi kam iska ya aura. Mu dai mun ɗauka ƙwazo ne ya yi mata yawa.

Ashe tsoro ne. Lokacin yaƙin duniya na biyu, tana budurwa, ta bar aikin masaƙa ta shiga gadi a sansanin da gwamnati ke tsare mata, inda yunwa da duka da aikin ƙarfi suka cinye dubbai. Aka ba ta kaki da bulala, aka haɗa ta da kare. Da yaƙi ya ƙare aka yi mata shari'a, ta yi 'yan shekaru a kurkuku, aka yi afuwa ta fito. Ta gangaro kudu inda ba wanda ya san ta, ta yi aure, sunan miji ya rufe na uba. Fuskar da za ta gane ta ita take leƙe a taga.

Mu a lokacin abin da muka san ta da shi shi ne shara. Ƙa'idar gida ce: in ɗan allon katako mai hoton tsintsiya ya rataye a ƙofarki, makon naki ne, ki share matakalar bene, ki wanke, ki share bakin titi, ran Asabar ki rataya shi a ƙofar gaba. Edeltraud ba ta wasa da allon nan. Sai na gama aikina ta zo ta goga yatsa a ƙarfen bene.

"Lotte, wannan shara ce ko shafa?"

"To zo ki lashe mana, tunda tsintsiyata ba ta yi miki ba."

Ana nan aka tashi daga sashen da ke kusa da nata, wani tela ɗan Poland ya tare da matarsa Ludwika, siririya mai ɗan ɗingishi. Ina kan bene ranar da suke shigar da kaya, Ludwika da Edeltraud suka yi kiciɓis. Ludwika ta saki akwati, ta ƙame ƙyam, hannuwa a gefe, kai a ƙasa. Can ta ɗago a hankali. Edeltraud ta juya ta shige ɗaki, muka ji makulli.

Asabar ta zo, Edeltraud ta gama makonta, allo bai koma ƙofar Ludwika ba. Ta sake ɗaukar tsintsiya ta yi na makwabciyar. Zagaye ya dawo, ta maimaita. Matan gida suka yi ta sa mata albarka, wai tana tausayin ƙafar baƙuwa. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba, don ban taɓa ganin matar nan ta tausaya wa ko kyanwa ba. Ta rame, idanu suka zurma. In ta zo ƙofar Ludwika sai ta yi ta gurzar wurin kamar za ta huda daɓen, tana kasa kunne. Da tsintsiya take neman toshe bakin baiwar Allah.

Wata Asabar da hantsi, ƙofofi a buɗe, gida ya cika da ƙamshin miyar wake, Ludwika ta fito ta tsaya a kanta.

"Madam Maute, ba ni allon."

"Haba makwabciya, ki huta abinki. Ƙafar nan taki..."

"Ƙafata? Ai karenki ne ya yi mini ita."

Cokula suka yi tsit a ko'ina. Kafin ka ce me, mun cika bene.

"Da can da bulala kike sa ni shara," in ji Ludwika. "Yau kuma kina hana ni don in ja bakina. To ki sani, ba ki da ikon ko ɗaya."

Edeltraud ta miƙe, tsumma na ɗiga a hannunta. "Yarinya ce ni a lokacin. Umarni aka ba ni. Kuma na yi zamana a kurkuku, me kuma ake nema a wurina?"

"Ni ba alƙali ba ce. Abu ɗaya nake so. Ƙanwata Jadzia, wadda ta faɗi a layi ranar ƙanƙara, kika sa aka ja ta da ƙafa. Ina aka kai ta?"

Wallahi na ga Edeltraud ta yi tunani, tunani na gaske, har da yamutsa goshi.

"Wacce ke nan?" ta ce. "Kuna da yawa fa."

Ludwika ta zare allon daga ƙofar Edeltraud, ta karɓi tsintsiya, ta share benen nan tas tana jan ƙafa.

Na zaci gidan zai kama da wuta. Ina! Eugen ya ce tsohon zance ne, kowa ya sha wuya a yaƙi. Mai gidan haya ya ce shi ba ya son hayaniya a bene. Matan da suka ji komai da kunnensu suka ci gaba da gaishe da Edeltraud, suka fara ɗauke kai in sun ga Ludwika, wai ta kawo fitina gidan mutane. Na yi faɗa har muryata ta dashe, aka ce dama ni bakina ba ya hutawa. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Kafin sanyi ya shigo telan ya ɗaure keken ɗinkinsa, suka bar garin. Ni kaɗai na taya su fitar da kaya.

Washegari Edeltraud ta ƙwanƙwasa ƙofata neman sukari. Kumatunta sun fara dawowa, har da jan baki ta sa.

"Lotte, kin ji wa za a sa a sashen can?" ta ce. "Allah dai ya sa masu tsabta ne."